Walƙiyar Da Mai Fitila Ya Kashe

Ranar da ta fara shiga zauren wasan kwaikwayon, muryarsa ta riga fuskarsa isowa gare ta.

"Baiwar Allah, don Allah tsaya a kan farin tef ɗin nan. A'a, baya kaɗan. Yauwa. Kar ki motsa."

Ta ɗaga kai. Can saman tsani wani dogon saurayi ne rungume da ƙatuwar fitila, yana murɗa ta da filaya. Haske ya sauko mata a fuska.

Tsayuwa waje ɗaya kuwa ita ce abin da Allah bai hore mata ba. A gida Auta ake ce mata, amma tun tana makaranta ƙawaye suka laƙaba mata Zumuɗi, sunan kuma ya zauna daram. Kafin ya gama ɗaure ƙusa har ta gyara mayafi, ta leƙa bayan labule, ta dawo.

"Ikon Allah," ya ce yana dariya. "Ke ce wadda Darakta ya ba babban matsayi? Ashe na shiga uku. Fitilata ba ta da ƙafa, ta yaya za ta bi ki?"

"Sai ka saya mata," ta ce.

Ya sauko yana goge hannu a jikin wando. Kowa a ƙungiyar Mai Fitila yake ce masa. Ta lura idanunsa ba sa gaggawa, kamar duk duniya babu abin da ke kiransa, nan take ta ji haushin natsuwarsa ta kuma ji tana son ta sake ganinta.

Wasan labarin matar wani masunci ne da mijinta ya shiga ruwa hadari ya rutsa da shi. A tsakiya akwai fitowar hadari, da tsawa da walƙiya. A ƙarshe kuma matar ce ita kaɗai a bakin ruwa tana magana mai tsawo. Saboda wannan fitowar ta ƙarshe Zumuɗi ta yi ta zarya har aka ɗauke ta.

Abin da babu wanda ya sani a zauren shi ne tana da farfaɗiya tun tana yarinya. Tsohon maganinta ya riƙe ciwon sosai, amma ya riƙe har da ita. Harshenta nauyi yake yi, barci ya yi ta fizgarta da rana tsaka, layin da ta haddace da safe kafin la'asar ya gudu. Ita da kanta ta roƙi likita ya canza mata.

"Za mu canza," in ji likitan, "amma a hankali. Muna rage tsohon muna ƙara sabon. A tsakanin nan ciwon yana iya leƙowa. Ki sami barci isasshe, kar ki tsallake magani, in kin ji wani abu ki dawo."

Umma da ke gefe ta ce, "Likita, ka gaya mata ta haƙura da wasan nan mana."

"Ni ban hana ta ba, Hajiya. Na dai ce ta kula."

Sabon maganin ya sake mata harshe, amma ya zo da nasa hali. Jiri da safe, saurin fushi da rana, ga wani rashin sukuni kamar ta ɗora tukunya a wuta ta manta a wane gida. Da ma yaya lafiyar Zumuɗi, balle an ƙara mata.

A cikin wannan hali soyayya ta same ta. Bayan atisaye ita da Mai Fitila sukan zauna a matakalar bayan zaure, shi da kofin shayi, ita tana kai da kawo tana maimaita layinta, yana karanta mata na masuncin da muryar da ko kaɗan ba ta dace da wasa ba. In ta isa gida sai ta tarar da saƙo.

"Zumuɗina, yau sau ɗaya kacal kika fita daga haskena. Ko dai kin fara jin tausayina ne?"

Ta mayar masa: "Ba tausayi ba ne, ranka ya daɗe. Wajen ne ya fara yi min daɗi."

Wata la'asar ta kasa kai da kawon. Ta zauna nesa da shi kaɗan, tana murza gefen mayafi har ya yamutse.

"Akwai maganar da zan faɗa maka. In ka ji ka tafi, ba zan ga laifinka ba. Ina da farfaɗiya. Yanzu haka ma magani ake canza min."

Ya ajiye kofin. Ta zuba wa fuskarsa ido tana jiran abin da ta saba gani, wannan ɗan ja da baya da mutane ke yi ba su ma san sun yi ba. Bai yi ba.

"To in tafi ina?" ya ce. "Na riga na saita komai a kanki."

Hawaye ya zo mata, ta yi dariya don ta kore shi. "Amma ka yi min alƙawari, Darakta ba zai ji ba. In ya ji, 'Yar Gayu zai ba."

'Yar Gayu ita ce aka tanada ta maye gurbin Zumuɗi in wani abu ya taso. Ta haddace wasan tsaf, kuma ba a wasan kaɗai take da ido ba, don kusan kullum sai ta sami dalilin hawa ɗakin fitilu.

"Na yi alƙawari," ya ce.

Ya riƙe alƙawarin da baki, amma hannunsa ya karya shi. Da aka zo atisayen fitowar hadari, tsawa ta yi ruri a lasifika, Zumuɗi ta ruga bakin dandamali tana kiran mijinta, walƙiya kuwa shiru. Haske ne kawai ya ɗan dushe.

"Mai Fitila!" Darakta ya daka tsawa daga kujerun 'yan kallo. "Ina walƙiyata?"

"Na'urar ce ta sami matsala, Oga. Zan duba."

Washegari haka. Jibi ma haka. Darakta mutum ne da in ya sa abu a rai ko abinci ba ya iya ci, ya fara maganar a hayo wata na'urar. Sai 'Yar Gayu, wadda ta hau sama kai wa Mai Fitila ruwa, ta danna wani maɓalli da ɗan yatsanta mai jan farce. Zauren gaba ɗaya ya ɗauki walƙiya, fal, fal, fal.

Mai Fitila ya fizge wayar daga soket yana ihu, "Kashe! Kina so ki kashe ta ne?"

Mutum ɗaya ce a kan dandamali, kuma duk idanu suka koma kanta.

Ba a daɗe a ofishin Darakta ba. Ya yi magana mai laushi, irin wadda ta fi zagi ciwo. Ya ce lafiyarta ta fi masa wasa, ya ce ta huta, ya ce akwai gaba. Kafin ta fito har an miƙa wa 'Yar Gayu zanen matar masunci.

Ta sami Mai Fitila a matakala.

"Wa ya ce maka haske ne ke tayar min?"

"Ai na karanta, an ce walƙiya…"

"An ce! Wasu ne haske ke tayar wa, ni an gwada ni a asibiti, an haska min fitila har na gaji, ko gezau. Tawa rashin barci ce da tsallake magani. Kullum muna zaune a nan, bakinka bai yi nauyin tsokanata ba, sai tambaya ɗaya ce ta gagare ka?"

"Tsoro na ji, Zumuɗina. Ban so in tuna miki ba."

"Ka tuna min? Da shi nake kwana, da shi nake tashi! Na ɗauka na sami wanda ke kallona. Ashe kai ma ciwon kake kallo."

Ta tafi ba ta waiwaya ba, ko da yake har bakin titi tana jin idonsa a bayanta.

Magana ba ta kwana a zaure ba. Ta bi bakin wannan ta faɗa na wancan har ta isa kunnen Hajiyarsa, wadda da ma ya fara yi mata zancen aure. Ƙanwarsa ce ta kira Zumuɗi tana kuka ta gaya mata yadda aka yi. Hajiya ta ce ita ba ta ƙin 'yar mutane, amma ciwon nan ta ji ana ɗauka ta yawu, kuma ba za ta zauna kullum gabanta na faɗuwa a kan jikoki ba. Ta ce ya nemi wata.

Kwanakin da suka biyo baya Zumuɗi ba ta san inda za ta sa kanta ba. Ta share ɗaki, ta sake sharewa. Ta kwashe kayan durowa ta mayar. Ta ɗauki waya ta ajiye, ta sake ɗauka. Barci ya ƙaurace mata, kuma ta san abin da hakan ke jawowa.

Wata hantsi tana wanke kofuna sai ta ji ɗanɗanon ƙarfe a bakinta, da wani abu mai tasowa daga ciki zuwa ƙirji. Ta san alamar. Ta samu ta kira Umma ta kwanta a ƙasa. Da ta farfaɗo harshenta na zogi, Umma na shafa mata kai.

"Kin gani ko, Auta? Ki bar wasan nan, ki bar yaron nan, ki zauna kusa da ni."

"Umma, ai a kusa da ke nake ya same ni," ta ce a hankali. "Ko na ɓuya a ƙarƙashin gado sai ya zo. Gara ya same ni ina abin da nake so."

Umma ce ta raka ta asibiti, kuma da likita ya gyara yawan sabon maganin ya ce a ƙara haƙuri, ba ta sake yi masa maganar wasa ba.

A hanyar dawowa saƙon Mai Fitila ya shigo.

"Ban zo neman ki yafe min ba tukuna. Tambayoyi na zo da su, waɗanda ya kamata in yi tun farko. Me ke tayar miki? Kina jin zuwansa? In ya zo, me kike so in yi, me kuma ba kya so in yi? Ki koya min, ni ɗalibi ne mai nauyin kai amma ba na fashi."

Ta karanta ya fi a ƙirga. Ta rubuta, ta goge, ta sake rubutawa.

"Gobe ka zo zaure da wuri. Ba kai kaɗai ne ɗalibin ba."

Washegari ta hau dandamali ba tare da an gayyace ta ba. Ta fuskanci 'yan ƙungiyar.

"Kun ji a bakin wasu, yau ku ji a nawa. Ina da farfaɗiya. Ba a ɗauka, ba aljanu ba ne, kuma ba haske ke tayar min ba. Yawanci ina jin zuwansa. In na faɗi, kar wanda ya danne ni, kar a sa min cokali ko wani abu a baki. A kawar da abin da zan buge, a sa min abu mai laushi a kai, in jijjigar ta lafa a juya ni ta gefe. In ta ƙi tsayawa, a kira asibiti. Shi ke nan. Oga, ina son matsayina."

Darakta ya sosa ƙeya. "In kuma ya zo ana tsakiyar wasa fa? Mutane sun cika zaure?"

Sai aka ji murya daga gefe.

"Sai in shiga." 'Yar Gayu ce, tana kallon farcenta. "A ɗinka zane biyu. In tsaya a bayan labule da shirina. In ta ji alamar, ta ɗora hannu a ka kamar matar na kuka, ta fito, ni in ƙarasa." Ta ɗaga ido. "Ni fa na danna maɓallin nan. Tun ranar ban ji daɗin zanen a jikina ba. Kuma gaskiya fitowar ƙarshen nan ta fi zama a bakinki."

Haka aka yi. Suka yi ta atisayen canjin har ya zama kamar da shi aka rubuta wasan. Shi kuwa Mai Fitila, sharaɗi ɗaya Zumuɗi ta kafa masa.

"Duk abin da zai faru, ba za ka bar fitilunka ba. In ka sauko, wasa ya mutu, kuma kowa zai ce saboda ni ne."

Ya ɗaga kai ya kalli ɗakin fitilu. "Wannan ya fi komai wuya, Zumuɗina."

"Na sani. Shi ya sa na roƙe ka."

Ranar wasa, da yamma, zaure ya cika. Ta leƙa ta tsagar labule ta hango Umma a layin gaba, sai kuma idonta ya kai gefe. Kusa da ƙanwar Mai Fitila wata dattijuwa ce zaune, fuska a ɗaure, jaka a kan cinya kamar mai jiran a ce tashi. Ashe ya yi ta naci har Hajiya ta yarda ta zo ta ga yarinyar da idonta.

Wasa ya kankama. Harshenta sakayau, layi na zuwa kafin ta neme shi. Hadari ya taso, tsawa ta girgiza kujeru, Mai Fitila ya saki walƙiya har da ta kwanakin da ya hana. Ta tsaya a tsakiyarta tana kiran mijinta, ta ji wata mata a cikin 'yan kallo tana sharɓar kuka.

Saura fitowar ƙarshe. Haske ya koma shuɗi. Ta taka zuwa bakin ruwa, ta buɗe baki.

Ɗanɗanon ƙarfe.

Zuciyarta ta ce ki daure, 'yan layuka ne, saboda su kika sha duk wahalar nan. Ta san tana iya fara maganar. Ta kuma san inda za ta ƙare in ta yi gardama, a gaban jama'a, a bakin dandamali mai tsayi. Ta ɗora hannu a ka, ta juya, ta fita da ƙafafunta.

'Yar Gayu ta wuce ta gefenta kamar iska. Abu na ƙarshe da Zumuɗi ta gani kafin ta kwanta a kan bargon da aka shimfiɗa shi ne shuɗin hasken nan, yana nan daram bai ko girgiza ba.

Da ta dawo hayyacinta, tafi take ji kamar daga nesa. Tana kwance ta gefe, kanta a kan cinyar wani, ana goge mata baki da wani yadi mai ƙamshin turaren da ba ta sani ba.

"Umma?"

"Ga ni nan," in ji Umma, amma daga wajen ƙafafunta muryar ta fito.

Ta ɗaga ido da ƙyar. Hajiya ce. Ganin Umma ta miƙe da sauri ya sa ta biyo ta, kuma gefen mayafinta ne a hannunta, ya jiƙe.

"Hajiya, mayafinki…"

"Yi shiru, 'yar nan. Mahaifiyarki ta shekara nawa tana goge miki, me ya same ta?" Muryarta ta karye. "Ni da na ga kin fita na ɗauka cikin wasan ne. Ashe ke kin san abin da ke tafe, kika juya a natse kika ba wata wurinki. Ni da lafiyata ban taɓa iya haka ba."

Sai da labule ya rufe, fitilun zaure suka kama, sannan aka ji gudu a kan matakala. Mai Fitila ya durƙusa a gabanta, gaban rigarsa sharkaf da hawaye.

"Ban sauko ba," ya ce. "Wallahi ban sauko ba."

"Na gani," ta ce. Sai kuka ya ƙwace mata. "Ban ƙarasa ba."

"Za ki ƙarasa," in ji Darakta daga bakin ƙofa, yana share ido da bayan hannu. "Wa ya ce miki sau ɗaya za mu yi?"

Ta ƙarasa kuwa, ba a mako na gaba ba, sai da aka janye tsohon maganin gaba ɗaya sabon ya zauna mata. Ranar ta faɗi maganar matar masunci tun daga farko har ƙarshe, 'Yar Gayu na tsaye a bayan labule da shirinta, tana motsa baki tare da ita. Likita bai yi mata alƙawarin ciwon ya tafi ba, ita ma ba ta nema ba.

Ba a jima ba aka ɗaura aure. Da aka kawo amarya, Hajiya ta kori 'yan rakiya daga ɗakin, ta zaunar da su biyun a gabanta. Zumuɗi ta sunkuyar da kai, yau kam ko motsi.

"Kai," Hajiya ta ce wa ɗanta, "ban ba ka ita don ka yi jinya ba, mata na ba ka. In abu ya shige maka duhu, ka buɗe baki ka tambaye ta." Ta juya ta kama hannun amarya ta riƙe gam. "Ke kuma 'yata, na so in hana kaina ke saboda jita-jita, ki yafe min. Duk inda ya same ki, a gidan nan ko a gaban jama'a, ba ki da abin kunya. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, ya ƙara miki lafiya."

"Amin, Hajiya," ya ce.

Zumuɗi kuwa ta kifa fuskarta a kan hannun Hajiya, ta bar shi ya jiƙe.